Zuwa ga masu tsara manhajar ilimin halittu: ku bar wa ɗalibi tambayar "yaya aka sani?"

Ya ku shugabannina, masu tsara manhaja da marubutan littattafan ilimin halittu na makarantun sakandare,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, ni malamin aji ne. Na daɗe ina koyar da abin da kuka rubuta, babi bayan babi, kuma akwai wata magana da ta jima tana ci mini tuwo a ƙwarya, har na ga ya kamata in faɗe ta a fili inda ku da sauran malamai za ku ji.

Wata rana ina kan babin zagayawar jini. Na zana zuciya a allo da ɗakunanta huɗu, na ja kibiyoyi, ɗalibai suna kwafa. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wa ya leƙa cikin mutum mai rai har ya ga jinin yana zagayawa?" Ajin ya fashe da dariya. Ni kuwa na duba littafin da ke hannuna, na ga babu amsa a ciki. Littafin ya ce jini yana zagayawa, shi ke nan, kamar yadda ake gaya wa yaro sunan kakansa ya riƙe.

Amsar tana nan, kuma ta fi zanen da na yi daɗin ji. Sama da shekara dubu likitoci suna karantar da maganar Jalinus, babban likitan zamanin Rumawa, cewa hanta ce ke sarrafa jini daga abinci, jinin ya bazu a jiki, gaɓoɓi su shanye shi, a sake yin sabo. Ya kuma ce akwai ƙananan kafofi a bangon da ya raba zuciya gida biyu. A ƙarni na 13 Ibnun Nafis, wanda ya yi aikin likita a Alƙahira, ya ce babu waɗannan kafofin, ta huhu jini ke bi kafin ya isa ɓangaren hagu. A 1543 Andreas Vesalius, malami a jami'ar Padua ta Italiya, ya fitar da littafinsa kan ƙirar jikin mutum bayan ya feɗe gawawwaki da hannunsa, ya nuna cewa yawancin abin da Jalinus ya rubuta a jikin birai da sauran dabbobi ya gani. Muƙamuƙin ƙasa na mutum, alal misali, ƙashi ɗaya ne, alhali an daɗe ana karanta biyu. Sai William Harvey a Ingila ya zo a 1628 da lissafin da ɗan aji ɗaya zai iya yi. Ya ƙiyasta jinin da zuciya ke tunkuɗawa a bugu ɗaya, ya ninka da yawan bugunta cikin rabin awa, sai ya ga abin ya zarce dukan jinin da ke jikin mutum. Babu hantar da za ta iya samar da wannan daga abincin yini. Ke nan jinin nan ɗaya ne ke fita yana dawowa. Ya ɗaure dantsen mutum, ya danna jijiya da yatsa, ya nuna cewa jinin da ke cikinta hanya ɗaya yake bi, wajen zuciya. Abu guda ya gagare shi: bai ga inda jijiyoyin da ke fitar da jini suke haɗuwa da masu dawo da shi ba. Ya rasu a 1657 bai gani ba. A 1661 Marcello Malpighi ya sa huhun kwaɗo a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, sai ga siraran jijiyoyin nan da ido ba ya iya gani, suna sada wannan da wancan.

Da na ba ajin wannan labari washegari, babu wanda ya yi dariya. Wasu har suka naɗe hannun riga suna danna jijiyoyinsu. Roƙona a gare ku ke nan: ku mayar da tarihin yadda aka san abu cikin littafin da ke faɗar abin. Ba ina nufin ɗan akwatin gefen shafi mai hoton tsoho da gemu da shekarar haihuwarsa ba. Ina nufin tambayar da mutumin ya yi, da abin da ya tarar ana faɗa, da dabarar da ya bi, da inda ya yi kuskure.

Kafin a sami ɗakunan gwaje-gwaje irin na yau, ilimin nan a fili yake, a bakin rafi da cikin daji. Abin da ake kira tarihin halittu a wancan zamani shi ne a duba dabba ko tsiro da kyau, a siffanta shi, a zana shi, a adana samfurinsa. Aristotal, masanin tsohuwar Girka, ya yi haka a tsibirin Lesbos, ya fasa ƙwan kaza rana bayan rana don ya ga yadda ɗan tsako ke haɗuwa. Jahiz, marubucin Larabci, ya yi irin wannan duban halittu a Iraƙi a ƙarni na 9. Amma har cikin ƙarni na 17 masu ilimi sun yarda cewa ruɓaɓɓen nama da kansa yake haifar tsutsa. Francesco Redi ne a 1668 ya sa nama a kwalabe, wasu a buɗe, wasu a rufe, wasu kuma ya yane bakinsu da siririn ƙyalle don iska ta shiga amma ban da ƙuda. Tsutsa ta fito a naman da ƙuda ya sauka a kai kawai. Wannan gwajin, wace makaranta ce ba za ta iya yin sa ba? Ga shi kuma yana koya wa yaro abin da shafi goma na bayani ba sa koyarwa, wato dalilin da ya sa kowane gwaji ke buƙatar abokin kwatanci.

Ina so ɗalibaina su san Antonie van Leeuwenhoek, don shi ne hujjata a kan duk yaron da ya ce kimiyya ta 'ya'yan wasu ce. Ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, bai taka jami'a ba, bai iya Latin ba, harshen masana na lokacin. Da hannunsa yake goga 'yan ƙananan gilasai, wasu har suna ƙara girman abu sau 200 da wani abu. A 1676 ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan cewa ya ga 'yan halittu masu rai, ba iyaka, suna iyo a ɗigon ruwa. Suka yi shakka, kuma sun yi daidai da suka yi shakka, har sai da Robert Hooke ya maimaita aikin ya gani da idonsa. Hooke ɗin nan shi ne a 1665 ya yanka ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya ga 'yan ɗakuna jere, ya ba su sunan da har yau ake kiran ƙwayar halitta da shi a Turance, wato cell. A 1683 Leeuwenhoek ya kankaro dattin haƙoransa ya duba, ya zana bakteriya. Akwai kuma Maria Sibylla Merian, mai zane, wadda a 1699, tana da shekara 52, ta hau jirgin ruwa da 'yarta zuwa Suriname don ta bi tsutsa tun daga ƙwai har ta zama malam-buɗe-littafi, tana zana kowace a kan ganyen da take ci.

Da jiragen Turai suka riƙa dawowa da tsirrai da dabbobin da ba a taɓa gani a can ba, suna ya zama matsala. Tsiro ɗaya sai a ba shi suna mai kalmomi goma na Latin, wani masanin kuma ya ba shi wani. Carl Linnaeus na Suwidin ne ya tsayar da tsarin suna biyu, na farko kamar sunan gida, na biyu kamar sunan yanka. A 1753 ya jera tsirrai kusan jinsi 6,000 a kan wannan tsari, a 1758 ya yi wa dabbobi haka, kuma a wannan shekarar ce ya cire kifin whale daga cikin kifaye ya sa shi a jerin masu shayarwa. Littattafanku suna sa yara haddace waɗannan sunaye. Ban ƙi ba, amma suna yana da labari a bayansa. Sunan kuka a kimiyyance Adansonia digitata. Kalma ta biyu tana nuni ga ganyenta mai kama da yatsun hannu. Ta farko kuwa sunan Michel Adanson ce, Bafaranshen da ya isa Senegal a 1749 ya siffanta itaciyar. Ya yi aiki, ba musu. Amma mutanen da suka kai shi gindinta, suka gaya masa sunanta da amfaninta, ba a rubuta su ba.

A nan nake so in ɗan tsaya, don wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni. Tarihin ilimin nan cike yake da kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1841, a tsibirin Réunion, wani yaro bawa ɗan shekara 12 mai suna Edmond Albius ya gano yadda za a sa siririn tsinke a ɗaga tantanin da ke cikin furen banila, a haɗa namijin furen da macen da yatsa. Da wannan dabarar ake noman banila a duniya har yau. Wani masanin tsirrai ya fito daga baya ya ce shi ya koya masa, shi kuwa Albius ya mutu cikin talauci a 1880. Charles Darwin, lokacin yana ɗalibi a Edinburgh, wurin John Edmonstone ya koyi yadda ake gyara fatar tsuntsu a adana ta, kuma Edmonstone 'yantaccen bawa ne daga Guyana. Alfred Russel Wallace ya tara samfuri sama da 125,000 a tsibiran kudu maso gabashin Asiya tsakanin 1854 da 1862, kuma hannun damansa wani saurayi ne daga Sarawak mai suna Ali. Akwai wani kyakkyawan tsuntsu da yau yake ɗauke da sunan Wallace, alhali Ali ne ya kawo masa shi. A gaɓar tekun Ingila kuma Mary Anning, 'yar talakawa, ita ta riƙa tono ƙasusuwan manyan halittun ruwa da suka zama dutse, masana suna saye suna rubuta maƙala a kai, ƙungiyarsu ta Landan kuwa a lokacin ba ta karɓar mata. Ɗalibin da bai taɓa jin waɗannan sunaye ba zai tashi da tunanin cewa irinsa ɗaukar kaya kawai aka yi shi don yi. In ya ji su, zai san cewa idon da ya gano abin sau da yawa irin nasa ne.

Ƙasusuwan nan da suka zama dutse su suka buɗe maganar tsawon zamani. A 1796 Georges Cuvier a Faris ya kwatanta muƙamuƙi da haƙoran giwar Afirka da ta Indiya da na wata giwa da ake tono ƙasusuwanta a Sibiriya. Ya nuna cewa jinsi uku ne daban, kuma ta ukun babu ita a raye ko'ina. Wato jinsi guda yana iya ƙarewa ƙurmus daga doron ƙasa, abin da masana da yawa ba su yarda da shi ba kafin nan. A 1802 aka fara amfani da kalmar bayoloji a matsayin sunan ilimin rayayyun abubuwa baki ɗaya.

Na san babin Darwin shi ne inda da yawa daga cikinku suke taka-tsantsan, wasu su wuce shi da layi biyu. Ni a ganina nan ne tarihin ya fi amfani, don yawancin rigimar da ake yi a aji a kan abin da mutumin bai faɗa ba ake yin ta. Bai ce birin da muke gani yau shi ya haifi mutum ba. Abin da ya ce shi ne 'ya'ya ba sa fitowa iri ɗaya sak, ana haifar fiye da waɗanda za su rayu, waɗanda siffarsu ta fi dacewa da wurin zamansu su suka fi barin zuriya, kuma a tsawon zamani wannan yana sauya jinsi, har jinsuna daban-daban su kasance daga tushe ɗaya suka rabu. Bai kuma faɗe shi da garaje ba. Ya yi tafiyar shekara biyar a jirgin ruwa daga 1831 zuwa 1836, ya dawo ya shafe shekara takwas yana feɗe wasu 'yan halittun teku masu manne wa duwatsu, ya yi kiwon tantabaru, ya jiƙa iri a ruwan gishiri don ya ga ko zai iya ƙetare teku ya tsiro. Sama da shekara 20 yana riƙe da maganar, sai a 1858 wasiƙar Wallace ta iso masa daga tsibirin Ternate ɗauke da irin tunanin nan. Aka karanta rubutunsu tare a Landan ranar 1 ga Yuli, littafin Darwin ya fito a 1859. Ɗalibi yana da damar ya auna wannan magana da hankalinsa da imaninsa, amma ba adalci ba ne a ba shi gurguwar magana ya auna. Kuma wanda zai zama likita ko malamin gona dole ya fahimce ta, don ita ce ke bayyana yadda ƙwayar cuta ke daina jin magani in an yi wasa da shan sa, da yadda sauro ke daina jin feshi.

Darwin bai san yadda gado ke tafiya daga iyaye zuwa 'ya'ya ba. Ya kawo wani hasashe a 1868, kuma bai yi daidai ba. Amsar tana lambun wani gidan ibada a garin Brno, inda Gregor Mendel ya shuka waken Turai kusan tushe 28,000 daga 1856 zuwa 1863. Bambancinsa da waɗanda suka riga shi shi ne ƙirge. A gwaji ɗaya ya sami ƙwaya 5,474 masu santsi da 1,850 masu tamoji, wato kusan uku da ɗaya. Littattafanku suna ba da "uku da ɗaya" kamar doka ce da aka saukar. Ku ba yaro ainihin alƙaluman ya raba da kansa, ya ga 2.96 ta fito, ya tambayi dalilin da ya sa ba ta cika uku cif ba. Daga nan zai fara gane abin da ake nufi da yiwuwa da dace. Mendel ya buga aikinsa a 1866, kusan ba wanda ya kula, ya rasu a 1884. Sai a 1900 wasu masanan tsirrai uku suka sake faɗawa kan abin da ya gano. Aka ƙara wasu shekaru 30 zuwa 40 kafin masu lissafi da masu nazarin ƙudaje da tsuntsaye su haɗa Mendel da Darwin su zama ilimi guda.

A ɓangaren cuta ma haka abin ya tafi. A 1847 Ignaz Semmelweis, a wani asibitin haihuwa a Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya lura cewa mata sun fi mutuwa a sashen da likitoci ke shigowa kai tsaye daga ɗakin feɗe gawa. Ya sa a riƙa wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka faɗi warwas, amma abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda, don bai iya nuna musu abin da ke hannun ba. Sai da Louis Pasteur ya nuna da kwalabensa masu lanƙwasasshen wuya cewa romo ba ya ruɓa in ƙurar iska ba ta kai gare shi ba, Robert Koch kuma ya ware ƙwayar tarin fuka a 1882. Sunan maleriya kansa daga Italiyanci yake, ma'anarsa muguwar iska, don an ɗauka tururin fadama ke kawo ta. Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin majinyaci a Aljeriya a 1880, Ronald Ross ya gan ta a cikin sauro a Indiya a 1897.

Ga labarin da nake so kowannenku ya karanta sau biyu, don a kan masu rubuta littafi yake. A 1923 wani masani a Amurka, Theophilus Painter, ya ce kuromosom ɗin mutum, wato 'yan zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta, 48 ne. Aikin da wuya, abubuwan a cakuɗe suke kamar zaren da ya sarƙe. Littafi ya kwafa daga littafi, malami ya koya wa ɗalibi, ɗalibi ya zama malami. Fiye da shekara 30 ana rubuta 48 a jarrabawa ana cin maki. Wasu ma sun ƙirga sun sami ƙasa da haka, suka ɗauka su ne suka yi kuskure. Sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan a Suwidin suka samu hanyar baza kuromosom ɗin sarai, suka ƙirga, suka sake ƙirgawa: 46. Muna cewa gani ya kori ji, amma a nan ji ne ya kori gani har tsawon rayuwar aikin mutum guda. Littafin da ba ya nuna yadda aka san abu, irin waɗannan ɗaliban yake fitarwa, masu ƙaryata idonsu don su gaskata shafi.

Kada kuma ku ɓoye munanan shafukan. Linnaeus ɗin nan da muke yabo ya kasa mutane gida huɗu bisa launin fata, ya laƙaba wa kowane gida ɗabi'a, kuma abin da ya laƙaba wa mutanen Afirka cin mutunci ne. Cuvier ya feɗe gawar Sarah Baartman, matar da aka kawo daga kudancin Afirka ana nuna ta a Turai kamar dabba, kuma sai a 2002 aka mayar da abin da ya rage na jikinta gida aka binne. Francis Galton ya ƙirƙiro aƙidar "gyara iri" a cikin mutane, ya ba ta suna a 1883, kuma da sunanta aka hana sama da mutum 60,000 haihuwa da ƙarfin doka a Amurka, 'yan Nazi kuma suka kai abin inda suka kai shi. A Tarayyar Sobiyat, Trofim Lysenko ya samu goyon bayan gwamnati, a 1948 aka haramta koyar da ilimin gado irin na Mendel. Nikolai Vavilov, wanda ya zagaya duniya yana tara irin shuka don a yaƙi yunwa, yunwa ce ta kashe shi a kurkukun Saratov a 1943. A daidai lokacin, wasu ma'aikatan taskar irinsa a Leningrad, birni yana cikin ƙawanyar yaƙi, suka mutu da yunwa suna gadin shinkafa da sauran irin da ba su yarda su ci ba. Yaron da ya san wannan ba zai sunkuyar da kai don kawai an ce "kimiyya ta ce" ba, zai tambayi hujja. Zai kuma ga cewa kimiyyar ce daga baya ta rushe ƙaryar, don da aka karanta sinadarin gadon ɗan Adam an tarar kowane mutum biyu sun yi daidai da kusan kashi 99.9 cikin 100, kuma a Afirka ne bambancin gado tsakanin mutane ya fi yawa a duniya.

Ba zan daɗe a kan DNA, wato sinadarin gado, ba, don nan ne kuka fi ba da shafuka. Friedrich Miescher ya ware shi a 1869 daga mugunyar da ke jikin bandejin asibiti. Oswald Avery da abokan aikinsa suka nuna a 1944 cewa shi ke ɗauke da gado. James Watson da Francis Crick suka fitar da siffarsa a 1953, da taimakon hotuna da awon Rosalind Franklin, wadda ta rasu a 1958 tana da shekara 37. A 2003 aka sanar da kammala karanta na ɗan Adam, haruffa kusan biliyan 3.

Abin da ke damuna shi ne yadda manhaja ke nuna kamar wannan sabon ilimi ya maye gurbin tsohon, kamar fita daji a duba halitta aikin 'yan da ne. Tushiya kuwa ita ce mafarin dawa. A 1966 Thomas Brock da ɗalibinsa suka ɗebo ruwa daga wata maɓuɓɓugar ruwan zafi a Yellowstone ta Amurka, don kawai su ga ko akwai mai iya rayuwa a ciki. Suka sami bakteriya da ke jin daɗi a zafin digiri 70. Sinadarin da aka samo daga jikinta shi ya sauƙaƙa gwajin PCR mai ninka DNA don a iya gano shi, wanda duniya ta dogara da shi a lokacin korona. Francisco Mojica a Sifen, a farkon shekarun 1990, yana nazarin wasu ƙananan halittu na tafkunan gishiri ya ga wani baƙon maimaici a DNA ɗinsu. Bin diddigin wannan ne ya kai ga CRISPR, almakashin gyara gado da aka bayyana a 2012. Tu Youyou a Sin ta koma ga wani tsohon rubutun magani na ƙarni na 4, ta lura cewa a ruwa ake jiƙa ganyen ba dafawa ba, ta rage zafin da ake tatsar sa, aka sami atemisinin, ginshiƙin maganin maleriya a yau. Da shahon nan mai suna peregrine ya fara ƙarewa a Birtaniya, Derek Ratcliffe ya koma ga ɓawon ƙwai da mutanen da suka tara a gidajen tarihi, ya auna su, ya nuna a 1967 cewa ɓawon ya fara sirancewa tun wajen 1947, daidai lokacin da aka fara watsa maganin ƙwari na DDT. Waɗanda suka tara ƙwan ba su san ranar da za a neme su ba. Sun dai rubuta wuri da kwanan wata a jikin kowanne, kuma wannan ya isa.

Aikin nan bai ma kusa ƙarewa ba. Jinsunan da aka ba suna zuwa yau wajen miliyan 2 ne, wani ƙiyasi na 2011 kuwa ya ce za su kai miliyan 8.7. Rahoton kwamitin masana na duniya a 2019 ya ce kusan jinsi miliyan 1 suna fuskantar ƙarewa. Da yawa za su tafi ba a san da su ba. Wa zai siffanta su, in ɗalibin da ya ci jarrabawa da kyau yana iya zana DNA da ka amma bai taɓa zama minti 20 yana kallon tururuwa ba?

Saboda haka ina roƙonku, in za ku sake bitar manhaja, ku rage jerin abubuwan haddacewa ko da kaɗan ne, ku ba kowane babban babi labarin gwaji ɗaya cikakke, da alƙalumansa na asali, da sunan wanda aka manta in akwai. Ku sa littafin lura ya zama wajibi, inda ɗalibi zai zaɓi tsiro ɗaya ko ƙwaro ɗaya ya bi shi tsawon zango, yana zanawa yana rubuta kwanan wata, a ba shi maki a kan gaskiyar abin da ya gani ko da ya saɓa wa shafi. Ku kuma zauna da masu tsara jarrabawa, don mu malamai abin da za a tambaya shi muke koyarwa, ba mu da wata mafita. In takarda ta ce "nawa ne kuromosom ɗin mutum", a ƙara layi ɗaya a ƙasa: "ta yaya za ka tabbatar?" Yarinyar nan da ta tambaye ni wa ya leƙa cikin mutum, ina so in ta buɗe bugu na gaba ta tarar da lissafin Harvey a shafin da zuciya take, da fili a ƙasansa inda za ta ƙirga bugun tata zuciyar ta yi nata.

Na gode da sauraro. Allah ya taimake ku a kan wannan aiki.

Naku,
Wani malamin ilimin halittu